Murray Rothbard: masanin tarihi ne ko lauya?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na tarihi, amma sai na ɗan yi shimfiɗa. Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, akwai ranar da na shiga layin banki tun bayan sallar asuba, ban fito ba sai da aka kira azahar, abin da aka miƙo min naira dubu biyar, ita ma 'yan hamsin-hamsin da suka sha jiki, suna warin ajiya. Ga kuɗina ina gani a waya, lambobi reras, amma ranar mai shayin bakin layinmu ya fi ni arziki. A kwanakin ne yaron shagona, wanda ke karatun yamma, ya turo min wani ɗan siririn littafi mai suna What Has Government Done to Our Money? na wani Ba'amurke, Murray Rothbard. Dare uku na gama shi. Wurin da ya tsaya min a rai shi ne 1933, da shugaba Roosevelt ya sa kowa ya kai zinaren da ke hannunsa a musanya masa da takarda, daga baya gwamnati ta ce ai yanzu kowane oza dala 35 ne, alhali a kan dala 20 da ɗoriya ta karɓa. Na ce ashe ba a kanmu aka fara ba. To wane ne mutumin nan? Tarihin da yake bayarwa abin dogaro ne, ko irin masu ɗora wa gwamnati laifin komai ne har ciwon kai?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ɗauko mutum mai wuyar sha'ani. Maganar zinaren haka ta faru, a Afrilun 1933 aka ba da umarnin, a Janairun 1934 aka ɗaga farashin. A nan bai ƙara gishiri ba.

Ɗan New York ne, an haife shi a unguwar Bronx a 1926, ɗa tilo ga iyaye Yahudawa da suka yiwo hijira daga gabashin Turai. Ya tashi cikin dangi da maƙwabta da galibinsu 'yan gurguzu ne, shi da mahaifinsa suka fita zakka. A jami'ar Columbia ya yi karatunsa kaf. Digiri na uku bai samu ba sai 1956, kuma dalilin jinkirin abin dariya ne: wani farfesa Arthur Burns, maƙwabcinsu da ya san shi tun yana yaro, shi ya ƙi yarda da kundin. Sai da Burns ya tafi Washington aiki da shugaba Eisenhower hanya ta buɗe. Burns ɗin nan shi ya zama shugaban babban bankin Amurka a 1970, bankin da Rothbard ya ƙare rayuwarsa yana cewa a rushe.

Kundin a kan durƙushewar tattalin arzikin Amurka ta 1819 ne, an buga shi a 1962, kuma har gobe masana tarihin da ba sa ga maciji da shi suna komawa gare shi. Ya bi jaridu da ƙasidun zamanin jiha-jiha, ya nuna yadda aka yi ta cacar baki kan ko a sassauta wa masu bashi, ko a ƙara buga takardar kuɗi, ko a lafta wa kayan waje haraji. Aiki ne mai sanyi, babu zagi a ciki. Malaminsa na haƙiƙa kuwa Ludwig von Mises ne, masanin tattalin arziki ɗan Ostiriya da ya gudo daga Turai ya iso New York a 1940. A darasinsa na mako-mako Rothbard ya samo aƙidarsa, sai dai ya zarce malamin. Mises na cewa a rage gwamnati ta tsaya kan tsaro da shari'a. Rothbard ya ce su ma waɗannan a bar wa kasuwa, a sallami gwamnati ta tafi gida.

Mai Unguwa:
Malam, kafin a yi nisa, da Hausa me za mu kira mutanen nan? Na ga su libertarian suke ce wa kansu, ni kuma harshena ba ya juyuwa.

Jikan Ɗan Sawaba:
'Yan jari-hujja marasa kunya. An gama.

Tsohon Malami:
Ni a aji 'yan a-sakar-mana-mara nake ce musu, ɗalibai kuma ba sa mantawa.

Ɗalibin Tattali:
Malam, da izininka in tsoma baki. Ni littafinsa na 1963 ne ya juya min kwanya, America's Great Depression. Abin da aka koya mana shi ne, da kasuwar hannun jari ta faɗi a Oktoban 1929, shugaba Hoover naɗe hannu ya yi yana jiran kasuwa ta gyara kanta, har Roosevelt ya zo ya ceci mutane. Rothbard ya ce ku zo ku ga abin da Hoover ya yi. A Nuwamban 1929 ya tara manyan masu masana'antu a fadarsa, ya sa suka yi alkawarin ba za su rage albashi ba. A 1930 ya sa hannu a dokar da ta tsuga wa kayan waje haraji. A 1932 ya kafa hukumar bai wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa rance, ya kuma ɗaga harajin masu kuɗi daga kashi 25 zuwa 63 cikin 100. Wannan ne mai naɗe hannu? Idan farashin kaya na sauka ka hana albashi sauka, mai masana'anta korar ma'aikata zai yi. Rothbard ya kwatanta da faɗuwar 1920 zuwa 1921, wadda ta yi zafi amma ta wuce da wuri, gwamnati kuma ba ta yi wannan shisshigin ba. Yaya Jikan Ɗan Sawaba, wannan ba zancen kunya ba ne, ranaku ne da lambobi.

Tsohon Malami:
Ɗana, a kan Hoover ka yi gaskiya, kuma yau masana da yawa sun bar tatsuniyar naɗe hannun. Amma ka karanta rabin shari'a ne. A shekarar nan ta 1963 masana tattalin arziki Milton Friedman da Anna Schwartz suka fitar da nasu babban littafin kan tarihin kuɗin Amurka, suka nuna cewa tsakanin 1929 da 1933 kuɗin da ke yawo a Amurka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, bankuna kimanin 9,000 suka rufe, babban banki yana kallo. Wato su laifin da suka gani shi ne bankin bai yi abin da ya kamata ba lokacin gobarar. Shi Rothbard cewa ya yi laifin bankin tun kafin gobarar ne, shi ya zuba fetur a shekarun 1920, kuɗi ya ƙaru da fiye da kashi 60 cikin 100 daga 1921 zuwa 1929. To ta yaya ya samo lambar? Ya haɗa har da kuɗin da mutum zai iya karɓa idan ya soke inshorar rayuwarsa, abin da yawancin masana ba sa ƙirgawa a matsayin kuɗi. Farashin kayan masarufi kuma a shekarun nan bai tashi ba. Sannan ƙasashen da suka saki ma'aunin zinare, wato ɗaure darajar takardar kuɗi da zinare, da wuri, irin Ingila a 1931, sun riga waɗanda suka ƙanƙame shi farfaɗowa, shi kuwa ɗan a-mutun zinare ne.

Abin da nake faɗa wa ɗalibai kenan. Mutumin ya yi karatu na fitar hankali, ya san takardun, amma lauya ne. Kafin ya buɗe fayil ya riga ya san wanda zai ɗaure. Lauya nagari yakan tono hujjar da alƙali ya tsallake, shi ya sa ake sauraronsa. Ba ya kawo maka hujjar abokin shari'a, shi ya sa ba a ba shi kujerar alƙali.

Ɗalibin Tattali:
Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma wane masanin tarihi ne ba lauya ba? Waɗanda suka rubuta cewa Roosevelt ne gwarzo ai su ma da jam'iyyarsu. Bambancin kawai shi ya faɗi tasa a fili.

Tsohon Malami:
Akwai bambanci tsakanin mai son rai da ke kokawa da son ransa da wanda ya ɗaura masa rawani. Amma na karɓi rabin maganarka.

Ɗan Kwari:
Malam, ni abin da na ji daɗi a rubutunsa shi ne yana kiran suna. Ba ya cewa "yanayi ne ya kawo", sai ya ce wane da wane suka zauna a wuri kaza.

Tsohon Malami:
Nan ne ƙarfinsa, Alhaji. Tambayarsa kullum ɗaya ce: wa ya ci riba? Ɗauki kafa babban bankin Amurka a 1913. A makaranta cewa ake an kafa shi ne don a taka wa manyan 'yan banki burki. Rothbard sai ya kai ka Nuwamban 1910, tsibirin Jekyll a jihar Georgia, inda Sanata Nelson Aldrich ya kwashi wasu ƙusoshin bankunan New York, irin su Paul Warburg da Frank Vanderlip da Henry Davison na bankin attajiri J.P. Morgan, suka tafi a ɓoye da sunan farautar agwagi, suka yi kwanaki suna tsara daftarin. Sannan ya tuna maka cewa 'yar Aldrich ce ke auren ɗan Rockefeller, hamshaƙin attajirin man fetur. Haka yake yi shafi bayan shafi, wa ya auri 'yar wa, wa ya yi lauyan wa kafin ya zama minista. Duk Bahaushen da ya saba jin ana warware asalin sarauta a fada zai ji daɗin salon. Matsalar ita ce surukuta ba ta zama hujjar haɗa baki kullum. Wani lokaci sai ka ga ya jera dangantaka goma, ya bar ka ka ɗauka an tabbatar da laifi, alhali zumunci kawai aka tabbatar.

Jikan Ɗan Sawaba:
Kuma Malam ka faɗa musu daga inda ya aro. Gabriel Kolko, masanin tarihi ɗan ɓangarenmu na hagu, shi ya rubuta a 1963 cewa manyan kamfanoni su suka nemi dokokin da aka ce an yi don a ladabtar da su, saboda doka na kashe musu ƙananan abokan gogayya. Rothbard ya yaba masa, ya ɗauka ya ɗora. Wato ganewar cutar tamu ce. Maganin ne ya kawo na banza: wai tunda kura ta sayi makiyayi, a kori makiyayin a bar awaki da kura.

Ɗalibin Tattali:
Yaya, shi cewa ya yi makiyayin ne kurar.

Mai Unguwa:
To ku tsaya. An taɓa yin wani gari da babu gwamnatin aka zauna lafiya, ko duk a takarda ne?

Tsohon Malami:
Ya kawo misali, kuma yana cikin wuraren da na fi jin daɗi a babban aikinsa na tarihi, Conceived in Liberty, juzu'i huɗu da suka fito tsakanin 1975 da 1979 kan Amurka tun zuwan Turawa har yaƙin neman 'yanci. Abokinsa Leonard Liggio ya taya shi a na farko-farko. Sarkin Ingila ya bai wa William Penn ƙasar Pennsylvania a 1681. Penn ya kwaso mutane, yawancinsu Kiristoci 'yan ɗariƙar Quaker masu ƙin ɗaukar makami, ya koma Ingila yana jiran kuɗin ƙasa. Shiru. Mutanen suka yi ta noma da fatauci, haraji kuwa ko oho, majalisar ma da ƙyar take zama. Da abin ya ishe shi, a 1688 ya turo tsohon soja John Blackwell ya zama mataimakin gwamna. Mai riƙe da hatimin ƙasar, Thomas Lloyd, sai ya ƙi buga wa takardunsa hatimi, takarda kuma in ba hatimi ba ta zama umarni. Blackwell ya yi faɗan, ya yi barazanar, ya gaji ya ajiye aikin.

Rothbard na ba da labarin yana kyakyata dariya, kana jin ta a rubutun. Ni kuma nakan ce: mutane 'yan dubbai ne, addininsu ɗaya, majami'arsu na hukunta mai laifi a cikinsu, ƙasa ga ta nan har ta yi yawa, sarautar Ingila kuma na tsaye a bayansu ko ba sa so. Shekara goma ba ta cika ba aka koma gidan jiya. A gwada a Legas mu gani.

Maman Hanan:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma Malam ba ka taɓo abin da ya sa na ajiye mutumin nan ba. A The Ethics of Liberty, na 1982, akwai babi kan yara. Ya ce iyaye ba su da ikon dukan ɗa ko kashe shi, amma doka ba ta da hurumin tilasta musu su ciyar da shi, ko da zai mutu. Ya kuma ce a bar iyaye su sayar da haƙƙin riƙon ɗansu ga mai so. Ranar da na karanta ina goye da autata, zazzaɓi ya hana ta barci, ina jijjiga ta ina latsa waya. Na maimaita sakin layin sau uku ko na fahimta ba daidai ba. Daidai na fahimta. Ƙanena Ɗalibin Tattali, duk hankalin da ya kai mutum nan, ni ba zan bi shi ko kasuwa ba.

Ɗalibin Tattali:
Anti, ya bambanta doka da ɗabi'a ne. Bai ce abu ne mai kyau ba, cewa ya yi ba aikin ɗan sanda ba ne. Amma gaskiya ni ma wurin ya yi min nauyi, kuma da yawa daga mabiyansa sun ƙi bin sa a nan.

Maman Hanan:
Jaririn da aka bari da yunwa bambancin doka da ɗabi'a zai sha?

Almajirin Zaure:
Hajiya ta gama magana. In ƙara da ta fuskar addini, don na ga samarinmu na ɗauko mutanen nan suna cewa ai Musulunci ma haka ya ce. Eh, akwai hadisin Anas, da farashi ya tashi a Madina aka ce Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sa farashi. Ibn Khaldun ma ya rubuta cewa a farkon daula haraji kaɗan ne kuɗin shiga da yawa, a ƙarshenta haraji da yawa kuɗin shiga kaɗan. Har nan muna tare. Amma Rothbard cewa yake duk abin da hukuma ta karɓa da tilas fashi ne. Sayyidina Abubakar kuwa yaƙi ya yi da waɗanda suka hana zakka. Ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, alƙali na tilasta shi. Malamai kuma sun yarda hukuma ta sa baki idan 'yan kasuwa suka ɓoye abinci. A ɗauki abin da ya dace, kada a ɗaura wa mutumin rawanin da bai nema ba.

Jikan Ɗan Sawaba:
Saura siyasarsa, wadda Malam ya bi ta gefe. A 1948 yana ɗalibi ya goyi bayan Strom Thurmond, ɗan takarar shugaban ƙasa na masu wariyar launin fata. A shekarun 1960 ya koma wajen 'yan hagu saboda yaƙin Vietnam, har da mujalla ya kafa don haɗa 'yan hagu da 'yan dama. A 1977 suka kafa cibiyar nazari ta Cato da kuɗin attajiri Charles Koch, a 1981 aka fitar da shi. A 1982 suka kafa wata cibiyar mai sunan Mises tare da abokinsa Lew Rockwell. A 1992 kuma ya rubuta maƙala yana cewa babu abin ƙi a manufofin da David Duke ya yi takarar gwamnan Louisiana da su, Duke ɗin da ya taɓa shugabantar ƙungiyar Ku Klux Klan ta Turawa masu ƙin baƙar fata. Mu baƙaƙe ne fa, jama'a. Ya yi adawa da dokar 'yancin baƙar fata ta 1964. Kuma in soke haraji ne abin burgewa, a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, su kuwa 'yan PRP ne, ba su taɓa cewa a rushe gwamnati ba.

Ɗalibin Tattali:
Maganar Duke ba ni da abin karewa, tabo ne. Amma Yaya ka faɗi ɗayan gefen. Abu ɗaya bai taɓa canzawa a kai ba, ƙin yaƙi. Ya ƙi na Koriya, ya ƙi na Vietnam, ya ƙi na Tekun Fasha a 1991. A 1967, yana Bayahude a tsakiyar New York, ya rubuta maƙala yana ɗora wa Isra'ila alhakin rikicin Gabas ta Tsakiya da korar Falasɗinawa daga gonakinsu. Wannan ba hanyar neman kujera ba ce. Shekara ashirin, 1966 zuwa 1986, yana koyar da ɗaliban injiniya a wata kwaleji a Brooklyn, sai yana da shekara 60 ya samu babbar kujera a jami'ar Nevada da ke Las Vegas.

Tsohon Malami:
Ku duka kun faɗi gaskiya, kuma abu ɗaya ne ya haifi biyun. Duk wanda ke faɗa da gwamnatin Washington a ranar, abokinsa ne, ba ya duba haƙoransa. Haka ya rungumi masanin tarihi Harry Elmer Barnes saboda ya soki shigar Amurka yaƙin duniya, alhali Barnes ya ƙare yana musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Lauyan da na faɗa muku ne, in shaida zai taimaki ƙararsa ba ya tambayar inda ya kwana.

Ɗan Kwari:
To Malam, in karanta ko in bari?

Tsohon Malami:
Ka karanta, Alhaji, amma kada ka karanta shi shi kaɗai. In ka gama babinsa kan 1929 ka nemi na Friedman. Akwai ma juzu'i na biyar na tarihin nan nasa, Conceived in Liberty. Ya rasu a Janairun 1995 ya bar shi da rubutun hannu, irin tafiyar kaza, wanda aka ɗauka ba mai iya karantawa. Wani matashin malami, Patrick Newman, ya zauna ya koyi hannun harafi-harafi, littafin ya fito a 2019. A ciki Rothbard ke cewa tsarin mulkin Amurka na 1787, wanda suke ji da shi kamar me, juyin mulki ne da masu son ƙaƙƙarfar gwamnatin tsakiya suka yi wa juyin juya halin da ya samo musu 'yanci. George Washington, jagoran yaƙin 'yancin kuma shugabansu na farko, ma bai tsira ba, tun a juzu'i na huɗu ya ce ba wani janar ba ne.

Mai Unguwa:
Ni dai na ji shugaban Ajantina, Milei, ya sa wa karensa suna Murray saboda shi. A can girmamawa ce.

Maman Hanan:
Allah ya sa yana ba karen abinci, tunda doka ba ta tilasta shi ba.

Ɗan Kwari:
Hajiya ba za ta yafe ba. Ɗalibi, turo min na 1929 ɗin, da na Friedman in yana da ɗan gajere. Mai shafi 800 ba zai karantu a shago ba, ana ciniki.